Idan teknishan ya yi kuskure a kantin magani, ga abin da ke kan famasis

Duk kantin maganin da ke da rajista a Legas, a Agege yake ko Mile 12 ko bakin Idi-Araba, akwai famasis ɗaya da sunansa ke jikin lasisin da aka rataye a bango. Shi hukumar PCN, wato hukumar kula da harkar haɗa magunguna ta Najeriya, ta sani. Tun da aka sake dokar hukumar a 2022, ita ke kula da famasis da teknishan da masu kemis na unguwa gaba ɗaya, amma ba ta ɗora musu nauyi iri ɗaya ba. Teknishan ya yi shekara uku a kwalejin fasahar lafiya, ya ci jarabawar hukumar, ya karɓi izinin yin aiki a ƙarƙashin kulawar famasis. Famasis kuwa ya yi shekara biyar ko shida a jami'a, ya ƙara shekara guda ta sanin makamar aiki. Saboda haka duk maganin da ya tsallake kanta ya shiga ledar mai saye, da sunan famasis ya fita, ko da hannunsa bai taɓa kwalin ba. Famasis ɗin da bai karɓi wannan tun farko ba, gyaran da zai yi wa teknishan ba zai yi kyau ba, domin da neman wanda zai jingina wa laifi zai fara.

Kuskuren da aka kama tun bai bar kanta ba shi ya fi yawa, shi kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Ɗauki maganin zazzaɓin cizon sauro, artemether da lumefantrine. Akwai mai ƙarfin 20/120, wanda babba ke shan ƙwaya huɗu a lokaci guda, sau shida cikin kwana uku. Akwai mai 80/480, wanda ƙwaya ɗaya ke tsayawa a madadin huɗun nan, kwalinsa kuma ƙwaya shida ce kacal. Teknishan da hannunsa ya saba rubuta 4 zai iya ɗauko na 80/480 ya rubuta huɗu safe, huɗu dare. Mai saye ya je gida ya haɗiye huɗu, saura biyu, maganin kwana uku ya ƙare a yini ɗaya. Idan kuma aka juya, aka ba babba na 20/120 aka ce ɗaya-ɗaya, kashi ɗaya cikin huɗu yake sha, zazzaɓin ya lafa ya dawo, a ce magani jabu ne alhali rubutun kan kwali ne ya ci amanarsa.

Famasis da yawa idan suka ga irin wannan, sai su ɗauki biro su gyara shiru su miƙa. Suna ganin sun rufa wa yaronsu asiri. Ba su rufa ba, sun dai bar shi da kuskurensa zuwa gobe, lokacin da wataƙila ba sa nan. Wasu kuma nan take za su ɗaga murya a gaban layi: "Kai, so kake ka kashe mutum?" Wannan ya fi muni, don mai saye ya tafi da shakkar kantin baki ɗaya, teknishan kuma ya koyi darasi guda, wato gobe ya san yadda zai yi kada Oga ya gani.

Abin da ya dace bai kai minti ɗaya ba. Ka ce wa mai saye, "Hajiya, yi haƙuri, bari mu ƙara dubawa." Ka ɗan juya, ka mayar wa teknishan kwalin tare da takardar likita, ka ce a hankali, "Duba min ƙarfin wannan da abin da ka rubuta." Kada ka nuna masa inda matsalar take. Ido yana karanta abin da ya sa rai zai gani, kuma sai mutum ya kama idonsa da kansa yana wannan zambar kafin ya fara tsoronta. In ya gano, ya gyara da hannunsa, ka sake dubawa, a sallami mai saye. In bai gano ba bayan ya duba sau biyu, to ka samu labari mai muhimmanci: ba suɓutar hannu ba ce, bai san bambancin ba ne. Ka gyara, ka ajiye maganar zuwa lokacin da kanti ya yi sauƙi, amma kada ta kwana.

Idan maganin ya riga ya fita, lissafi ya canja gaba ɗaya. A wannan lokacin teknishan ba shi ne abin dubawa ba, mara lafiya ne. Tambayar wa ya yi ta jira. Tambaya ɗaya ce za a yi masa yanzu: wa ka ba, da ƙarfe nawa, me ka ba shi, nawa?

A nan ne Legas ke nuna halinta. Mai sayen na iya zama direban tirela da zai bar Apapa da asuba, ko mai fataucin shanu a Oko-Oba da zai koma Arewa jibi. Sau da yawa ma ba mara lafiyan ne ya zo ba. Matar tana gida, an aiko yaro, ko maigida ya ba ɗan okada takarda da kuɗi. Shi ya sa karɓar lambar waya a kan duk maganin da aka sayar da takardar likita bai kamata ya zama ganin dama ba. In babu lamba, a duba lambar katin asibiti da ke jikin takardar a kira asibitin, a duba rasit ɗin POS, a tambayi masu keke Maruwa na bakin layi. A unguwannin da Hausawa ke zaune a dunƙule, liman ko wakilin Sarkin Hausawa kan iya isar da saƙo cikin sa'a guda. Sanarwar ta tsaya a kan cewa wanda ya sayi magani a kanti kaza da misalin ƙarfe kaza ya dakata da sha ya dawo. Ba a faɗin ciwon mutum a lasifika.

Famasis ne zai kira, ba teknishan ba. Kuma kalmomin da zai fara da su suna da tasiri: "Salamu alaikum, Alhaji. Daga kantin magani ne. Akwai kuskure daga wajenmu a maganin da muka ba ka ɗazu. Kada ka ƙara sha. Ƙwaya nawa ka sha, kuma da ƙarfe nawa?" A lura, daga wajenmu aka ce, ba "yarona ne ya yi shirme" ba. Sai a ji yadda jikinsa yake, da sauran magungunan da yake sha. In mace ce a tambaya ko tana da ciki ko tana shayarwa, in yaro ne a nemi shekarunsa da nauyinsa.

Amsoshin nan su za su nuna ko maganar "dawo mu canja maka" ce ko ta "wuce asibiti yanzu". Akwai magungunan da ba a jira da su. Wanda ba shi da ciwon suga ya sha glibenclamide ko chlorpropamide, sugarsa na iya faɗuwa, ya ji gumi da rawar jiki da ruɗewa, kuma ko an ba shi abu mai zaƙi ya farfaɗo, tana iya sake faɗuwa bayan sa'o'i saboda maganin yana daɗewa a jiki. In yana cikin hayyacinsa a ba shi suga ko lemon kwalba, sannan a kai shi asibiti, kada a ce ai ya ji sauƙi. Methotrexate, wanda ake ba masu wani irin ciwon gaɓoɓi, yawanci ana shansa sau ɗaya a mako. In aka rubuta kullum, cikin 'yan kwanaki baki ya fara gyambo, ƙwayoyin jini su zube, ana mutuwa a haka. Abin da ke ƙara haɗarin shi ne yawanci tare da folic acid ake ba da shi, su biyun kuma kan zo a ƙananan ƙwayoyi masu ruwan ɗorawa, in an zuba su a ambulan biyu marasa cikakken rubutu sai Allah. Warfarin mai hana jini daskarewa da digoxin na ciwon zuciya su ma suna cikin wannan sahu. Haka wanda jikinsa ba ya karɓar penisilin aka ba shi Augmentin ko Ampiclox, don teknishan bai haɗa sunan kasuwa da abin da ke ciki ba.

Parasitamol na yara ya cancanci a tsaya a kansa, domin kowa na ganin ba ya kisa. Sirof ɗin da aka saba yana da 120mg ko 125mg a cikin 5ml. Na ɗigawa jarirai yana da 100mg a cikin 1ml kaɗai. Yaro mai kilo 10 yana bukatar kusan 150mg a sha ɗaya, wato wajen 6ml na sirof, ko 1.5ml na ɗigawa. In aka ba uwa na ɗigawa aka ce ta ba shi 5ml, 500mg ke nan a tashi ɗaya, ya haura ninki uku na abin da ya kamata, kuma za ta maimaita bayan sa'o'i shida. Yaron zai yi ta wasa a yinin farko kamar ba komai, illar hanta sai daga baya take bayyana, makarinsa kuma ya fi aiki cikin sa'o'i takwas na farko. Uwa ta ce maka a waya lafiyarsa ƙalau, ka gode wa Allah, ka ce duk da haka ta kai shi.

Insulin ma haka. Mai ƙarfin U-100, wato raka'a 100 a cikin 1ml, in aka ja shi da sirinjin U-40 da aka yi don mai raka'a 40, mutum ya ja zuwa layin 10 yana zaton raka'a 10 ce, alhali 25 ya ɗiba. Duk wanda aka sayar wa insulin, a duba sirinjinsa tare da kwalbar.

A irin wannan kira, ka riga mutanen gida magana a kan manja da madara. Za a ce a ɗura masa manja ko a sa shi amai. Ba sa warware komai, suna cinye lokaci, wanda ya fara fita hayyacinsa kuma zai iya shaƙewa. In abin ya yi tsanani a kira 112 ko 767, ko a kama hanya mafi kusa, don gosulo bai san gaggawa ba. Ka rubuta wa asibitin gajeriyar takarda ko saƙon waya: sunan maganin da aka sha, ƙarfinsa, adadin, lokacin. Kada kuma a manta da ɗaya ɓangaren, wato maganin da bai samu ba. Mai farfaɗiya da aka ba carbimazole a madadin carbamazepine ya yi kwanaki babu abin da ke tare masa ciwonsa, wannan ma sai likita ya sani.

Maganin da aka dawo da shi a ƙirga abin da ya rage, a ɗauki hoton kwalin da rubutun da ke kai, a ajiye shi gefe. Ba ya komawa cikin na sayarwa, ba ka san inda ya kwana ba. Canjin magani, kuɗin mota, gwajin da kuskuren ya jawo, duk kanti ne zai ɗauka. A sanar da likitan da ya rubuta takardar. In kuskuren ya yi wa mutum illa, a cike fom ɗin NAFDAC mai ruwan ɗorawa ko a tura ta manhajar Med Safety.

Sai bayan an gama da duk wannan ake zama da teknishan.

Zaman ya kasance a ranar ko washegari, a sito ko ofis, ku biyu, ba a gaban yaran kanti ba, ba kuma a guruf ɗin WhatsApp na ma'aikata ba. Ka ajiye takardar da kwalin a kan tebur, ka ce, "Faɗa min yadda aka yi tun daga lokacin da takardar ta shigo hannunka." Sannan ka yi shiru. Kada ka fara da "me ya sa", domin amsar "me ya sa" a wajen ma'aikaci mai tsoron aikinsa ita ce "Oga, yi haƙuri, ba zan sake ba", wadda ba ta gaya maka komai ba. Tambayoyin da ke fito da gaskiya ƙanana ne. Mutum nawa ne a layi? Wani ya katse ka? Daga wane layi ka ɗauko kwalin? Ka karanta sunan ne ko launin kwalin ka bi? Akwai wuta a lokacin? Tun ƙarfe nawa kake tsaye?

Ruwa ba ya tsami banza. Daga amsoshin nan za ka ga wane irin kuskure ne a gabanka, kuma a nan ne mafi yawan gyara ke ɓaci, domin ana ba kowane iri magani ɗaya, wato faɗa.

Akwai wanda ya san daidai, hannu ko ido ne ya zame. Ya san amlodipine, ya san amitriptyline, amma suna jere kusa da juna saboda harafin farko, kamfani ɗaya ya yi su da kwali iri ɗaya, waya ta yi ƙara yana miƙa hannu. Wannan in ka zaunar da shi kana karanta masa aikin amlodipine, ka ɓata lokacinku duka. Ce masa "ka riƙa kula" ma ba ta da amfani, ai yana kula ɗin ya yi. Gyaransa yana jikin ma'ajiya da tsarin aiki.

Akwai wanda bai sani ba, kuma bai san bai sani ba. Yana zaton nifedipine duk ɗaya ne, da mai sakin kansa a hankali da mai aiki nan take. Yana raba ƙwayar da ba a rabawa. Ya ga "od" (sau ɗaya a rana) ya karanta "bd" (sau biyu), ko ya ɗauka "qds" sau uku ne alhali sau huɗu ne. Wannan koyarwa yake bukata, a kan abin da ya kuskure kaɗai, ba lacca a kan dukkan magungunan hawan jini ba. Ka nuna masa, ka ba shi misali biyu ya lissafa a gabanka, bayan mako guda ka sake jefa masa irinsa ba tare da sanarwa ba. Ka kuma tambayi kanka wa ya kamata ya koya masa tun farko.

Akwai kuma wanda ya san ƙa'ida ya tsallake ta. Ba lallai mugu ne ba. Maganin da likita ya rubuta ya ƙare, ya musanya da wani da kansa don kada ciniki ya wuce. Ya kasa karanta rubutun likita ya yi hasashe, don ya ga ranka a ɓace bai so ya tambaye ka. Ya miƙa magani ba ka duba ba don layi ya kai bakin ƙofa. Kafin ka hukunta shi, duba ko haka kowa ke yi a kantin kana gani kana shiru muddin kuɗi na shigowa. In haka ne, al'adar kanti ce ta fito fili, a tara kowa a sake shata layi. In kuwa an sha gaya masa, ya fahimta, ya ci gaba, ko ya goge rubutu don ya ɓoye, ko ya yi ƙarya a kan abin da ya bayar, to wannan takardar gargaɗi ce, in ya maimaita kuma sallama. Ɓoyewa ta fi kuskuren kansa girma, kuma ya kamata kowane ma'aikaci ya ji wannan daga bakinka tun ranar da ya fara aiki.

Maganar yanke albashi kuwa, ra'ayina a kanta ba shi da kwana-kwana. Masu kanti da yawa suna cire kuɗin maganin da aka yi kuskure a kansa daga albashin teknishan, suna ganin hakan zai sa ya natsu. Abin da yake jawowa shi ne, ranar da ya tuna da daddare cewa kamar glibenclamide ya zuba wa dattijon nan a madadin wani abu, zai auna albashinsa da ya riga ya yi kaɗan, ya ja bakinsa ya yi addu'a. Teknishan da ya zo da kansa ya ce "Oga, ina jin na yi kuskure" ya ba ka sa'o'in da za ka ceci mutum. Kalmar farko da ya kamata ya ji ita ce "ka kyauta da ka faɗa", sauran magana ta biyo baya.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne shekaru. Sau da yawa famasis matashi ne da bai daɗe da gama bautar ƙasa ba, teknishan kuma ya yi shekara ashirin a bayan kanta, ya haife shi, unguwa ma shi ta sani, shi ake kira "dokta". Kunya kan sa matashin ya haɗiye gyara, ko kuma ya yi ta da kaushi don a san shi ne Oga. Girmamawa tana cikin lafazi ne da wurin da aka yi maganar, ba ta shafi ainihin hukuncin ba. "Baba, zo mu duba wannan tare, lissafina bai ba ni haka ba." A buɗe littafi ko takardar cikin kwali, a bar rubutu ya yi magana. In ya ce, "Haka muke bayarwa tun kafin ka shiga jami'a," amsar ita ce, "Na sani, Baba, amma sunana ne a kai, kuma ga abin da aka rubuta." Ka kuma saurare shi, don sau da yawa shi zai kama naka kuskuren. Ranar da ya kama, ka gode masa a gaban sauran, ka rubuta shi a littafi ɗaya da nasu.

Littafin nan ba wani abu ba ne, babban littafin rubutu ne da aka ja wa layuka: rana, lokaci, abin da aka rubuta, abin da aka ɗauko, wa ya gano, me ake ganin ya jawo, me aka canja. Har kuskuren da aka kama tun bai bar kanta ba a rubuta. A ƙarshen wata a zauna minti goma sha biyar a karanta. Za ka ga abin da ba ka gani a rana ɗaya: sunaye biyu da ke ta maimaituwa, ko yawancin kurakuran suna faɗowa tsakanin Magariba da Isha, lokacin da mutane suka taso daga aiki, wanda ke kanta kuma tun safe yake tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya, da ta ƙaddamar da gangamin rage illar kurakuran magani a 2017 da burin rage ta da rabi cikin shekara biyar, abubuwan da ta nuna da yatsa su ne raunin tsari, gajiya, rashin kyawun wurin aiki da ƙarancin ma'aikata. Littafinka zai nuna maka wanne ne naka.

Abin da littafin ya nuna, a gyara shi da hannu. Chlorpropamide da chlorpromazine, carbamazepine da carbimazole, metformin da metronidazole, hydralazine da hydroxyzine, a raba su layi daban-daban, a manna takarda mai manyan haruffa a inda suka bambanta, kamar carBAMazepine da carBIMazole. Amoxicillin na yara mai 125mg da mai 250mg a cikin 5ml kada su zauna kafaɗa da kafaɗa. A hana rubuta 1.0, don in ɗigon ya ɓace ya zama 10, a hana .5 babu sifiri a gabansa, don ya zama 5. Kwando ɗaya, takarda ɗaya, mutum ɗaya, kada a haɗa maganin mutum biyu a kan kanta lokaci guda. Wanda ke ƙirga ƙwaya ba ya amsa waya, ba ya karɓar kuɗi, in an katse shi ya koma farko. Kwalin da aka ciro maganin daga ciki ya zauna a kwandon har famasis ya duba, domin farar ƙwaya a cikin ambulan ba ta da suna. A sa fitila mai caji a kan kanta saboda tazarar da ke tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta. Firiji ya samu ma'aunin sanyi, a rubuta safe da yamma, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Sabon kaya ya koma baya, wanda wa'adinsa ya fi kusa ya zo gaba.

Wurin miƙawa ma a tsaya. A unguwa ɗaya za ka samu A'isha uku da Muhammadu biyar suna jira, don haka kada a kira suna a miƙa wa wanda ya amsa. A tambaya: "Maganin wa ka zo karɓa? Shekarunsa nawa?" Teknishan da ba ya jin Hausa, yana bayani da buroka ko Yarabanci ga yaron da bai daɗe da zuwa Ikko ba, zai samu "to, to" ko an gane ko ba a gane ba. A sa mai karɓa ya maimaita da bakinsa yadda za a sha. "Cokali ɗaya" a bar faɗinta, cokalin gida na iya ɗaukar ninki biyu ko uku na 5ml, a ba da sirinji ko murfin awo a nuna layin. "Sau uku" a ɗaure ta da lokaci, bayan Asuba, bayan Azahar, da lokacin kwanciya. Garin da ake haɗawa da ruwa, a nuna layin kwalbar, a ce ruwan da aka tafasa ya huce, a rubuta ranar da za a zubar da ragowar. Maganin matsi na mata kuwa ana haɗiye shi ba sau ɗaya ba, saboda teknishan ya ji nauyin yi wa maigida bayani, maigida ya ji nauyin tambaya. A rubuta a jiki da Hausa cewa ba na sha ba ne, in da hali famasis ko ma'aikaciya mace ta kira matar a waya.

Tiramadol, diazepam, pentazocine da 'yan uwansu, waɗanda ake kullewa a kabad ana rubuta lissafinsu a rajista, hukuncinsu daban. In lissafin rajista bai yi daidai da abin da ke cikin kabad ba, ba a cewa "gobe ma duba". A ƙirga a gaban mutum biyu, a bi takardun ranar ɗaya bayan ɗaya, a rubuta abin da aka samu kowa ya sa hannu. Ba a goge layi a rajista, ana ja masa layi ɗaya ne a rubuta gyara a gefe da kwanan wata. Makulli yana hannun famasis.

Teknishan da kuskurensa ke maimaituwa duk da koyarwa, kafin a yanke masa hukunci a duba abubuwa masu sauƙi. Yana ganin ƙananan rubutu, ko tabarau yake bukata? Daga ina yake tasowa, ƙarfe nawa yake barin gida? Yana wani aikin dare? Sai a janye shi daga magungunan yara da masu haɗari na mako biyu zuwa huɗu, duk abin da ya haɗa a duba a rubuta, a gaya masa a fili adadin da ake so ya yi babu kuskure kafin ya koma. In ya cika ya koma, in bai cika ba a mayar da shi sito ko lissafin kaya.

Dubawar famasis kanta tana da ƙa'ida. Ka fara karanta takardar likita kafin ka kalli kwandon, ka san abin da kake tsammani, sannan ka gwada suna, ƙarfi, siffa, adadi, wa'adi da rubutun kai. In ka fara da kwandon, idonka zai bi na teknishan ku faɗa rami ɗaya. Wanda kuma ya ba da lasisinsa aka rataye ya tafi wani aiki, sai ƙarshen wata ya zo karɓar kuɗi, ba shi da bakin gyara kowa, shi ne zai amsa tambaya a gaban kwamitin ladabtarwa na PCN.

Fita ta dole ce, kamar Juma'a ko banki, sai a bar umarni a rubuce a jikin kanta. Abin da teknishan zai iya sallama shi kaɗai, a lissafa. Abin da zai jira dawowarka, shi ma a lissafa: duk maganin yaro ɗan ƙasa da shekara biyar da ke bukatar lissafin nauyi, mai ciki, insulin, warfarin, methotrexate, digoxin, magungunan cikin kabad, duk takardar da rubutunta bai fito ba, da duk musanya. A ƙasan takardar a sa lambar wayarka, da lokacin da za a ce wa mai saye ya dawo.